Muhawara: sauro ne ya yi wayo, ko maganin ne ya lalace?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana kimiyyar cikinmu. Da can in ka fesa maganin sauro ka rufe ɗaki, da safe sai dai ka ɗauko tsintsiya. Yanzu ka fesa, ka kunna igiyar leƙo, amma suna nan suna yi maka goge a kunne har asuba. Jabu ake sayar mana ne, ko sauron ne ya saba da maganin?

Ɗan Kantin Kwari: Jabu ne kawai Alhaji. Komai na ƙasar nan an rage masa ƙarfi.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba musu. Amma ko da na gaskiya ka samo daga masana'anta, a wurare da yawa ba zai yi aikin da ya yi da can ba. Sai dai ba wani sauro guda da ya shaƙi guba yau, gobe jikinsa ya koyi jure mata. Sauro bai wuce 'yan makonni a duniya ba, yaushe ya ga lokacin koyon darasi? Abin da ke faruwa shi ne, tun kafin a kawo maganin, a cikin miliyoyin sauro akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ya sa gubar ba ta kama jijiyarsu sosai. Ka fesa, saura suka mutu, waɗannan suka tsira. Mace ɗaya tana zuba ƙwai wajen ɗari a lokaci guda, kuma daga ƙwai zuwa babban sauro kwana goma ne ko kusa da haka. Kafin shekara ta zagayo an yi zuriya sama da goma. Feshin naka rariya ne: bai ƙirƙiri tsakin ba, tankaɗe garin ya yi ya bar maka shi. Sauron da ke ɗakinka yau jikokin waɗanda suka tsira ne.

Baban Khalifa: To Malama, wa ya ba waɗancan 'yan ƙalilan ɗin bambancin tun farko, in ba gubar ba?

Malamar Bayoloji: Daga kwafi yake zuwa. Duk lokacin da za a yi sabon ƙwai ko maniyyi, sai jiki ya kwafe rubutun DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma wajen kwafin harafi yakan sauya nan da can. Mu mutane rubutunmu ya kai harafi biliyan 3, kuma kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jinin uwarsa ko ubansa. Yawancinsu ba sa komai. Wasu cuta ne. Jefi-jefi a sami wanda zai yi rana. An gwada wannan a kan bakteriya tun 1943, Luria da Delbrück a Amurka, sannan Joshua da Esther Lederberg a 1952, suka nuna cewa masu juriyar suna nan a cikin taron tun kafin a kawo abin da zai kashe su.

Tsohon Duba-gari: Bari in sa baki, don wannan fagenmu ne. Yaran yanzu suna ɗauka sabon abu ne, alhali a ƙasar nan aka fara ganinsa ga sauron maleriya na Afirka. A 1954 aka fara wani babban aikin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa dieldrin. Kafin 1955 ta ƙare an tarar da sauron da ba ya jin sa. Ko shekara biyu ba a cika ba.

Sai kuma aikin Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, lokacin tana ƙarƙashin Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi shi daga 1969 zuwa 1976. An fesa ɗakuna ƙauye-ƙauye, wasu ƙauyukan har da raba wa kowa magani. Zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba, da aka daina kuma ya dawo. Cikin dalilan har da cewa ba duk sauro ke kwana a bangon ɗaki ba bayan ya sha jini. Wani sai ya cije ka ya fice waje ya huta, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Wani Ba'italiye, Mario Coluzzi, ya duba ya ga wannan halin yana tafiya da tsarin gadonsu. Ka ga ke nan ba jure guba kaɗai ake gada ba, har ɗabi'a. Shi ne ma aka sa wa wani nau'in sauron sunansa a 2013.

Ɗan Kantin Kwari: Wato har sauro akwai ɗan gida akwai ɗan zaman kashe wando a waje.

Abu Sumayya: Jama'a a yi hattara. Wannan maganar da ake lallaɓowa da ita, ba ita ce ta Darwin ba, mai cewa kakanmu biri ne? Mu dai Annabi Adamu ne ubanmu, alaihis salam. Kada a shigo mana da ita ta bayan gida da sunan sauro.

Malamar Bayoloji: Malam Abu Sumayya, Allah ya ƙara ilimi. Tambayar da aka yi a kan sauro ce, kuma abin da na faɗa abu ne da ake aunawa da ido: a kamo sauro ɗari, a sa su a kwalba mai magani na awa guda, washegari a ƙirga matattu. A dawo garin bayan shekara biyar a sake. In da 98 suke mutuwa yanzu 40, to taron sauron garin ya sauya, ko mun ba abin suna ko ba mu ba shi ba. Ba zan ɓoye maka ba, masana ilimin halittu da wannan hanyar suke bayanin tarihin rayayyun abubuwa gaba ɗaya, kuma na san a nan ne malaman addini suke da magana. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma likitan da ya ƙi yarda ƙwayar cuta tana sauyawa, zai yi ta ba ɗanka maganin da ya daina aiki.

Abu Sumayya: Sauyawar sauro a cikin sauro ban musa ba. Allah ne mai yi, kuma ya sanya wa komai sababi. Iyakata ke nan.

Shugaban Zaure: Madalla. A tsaya a nan ɗin. Duk wanda ya kafirta wani ko ya kira wani jahili zan cire shi.

Nas Mai Dare: Tunda an ambaci magani, ku tuna kulorakwin. Mu da muka taso da shi mun san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, amma yana aiki. Ƙwayar maleriya mai jure masa ta ɓulla ne a ƙarshen shekarun 1950 a wuri biyu, iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Ba a nan aka haife ta ba, tafiya ta yi a jinin matafiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, daga nan ta mamaye nahiyar. Najeriya ta koma ga ACT, wato haɗin magungunan maleriya da ya maye gurbin kulorakwin, a 2005. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malawi. Su suka fara janye kulorakwin a Afirka, a 1993. A 1992 kashi 85 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka gwada a Blantyre suna ɗauke da alamar juriyar. Zuwa 2000 ta sauko kashi 13. Da aka sake gwada maganin a kan yara a 2005 sai ya warkar da kusan dukkansu.

Baban Khalifa: Ikon Allah. To me ya kashe masu juriyar, tunda an daina ba su guba?

Nas Mai Dare: Juriyar ba kyauta ba ce. Sauyin da ya ba ta damar tsira daga maganin yana rage mata kuzari kaɗan. In akwai kulorakwin a jinin mutane, ita ce sarauniya. In babu, 'yan'uwanta na asali sun fi ta saurin yaɗuwa, sai su cinye kasuwar. Amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je kemis ya nemi kulorakwin don maleriya. Can hukuma ce ta janye shi daga ƙasa gaba ɗaya, mu kuwa ba a taɓa daina shan sa a ɓoye ba.

Uwar Jarumi: Ina bin ku tun ɗazu. Ni tambayata ta fi ta sauro zafi. Ɗana na biyu sikila ne. An ce mana ciwon yana da alaƙa da maleriya, ban taɓa samun wanda ya warware mini ba. In ciwon yana kashe yara tun zamanin kakanni, me ya sa bai ƙare ba? Ai da waɗanda suke da shi sun tafi da shi.

Malamar Bayoloji: Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya ba ku ladan jinya. Tambayarki ita ce ainihin wadda ta dami masana. Sikila harafi ɗaya ne tak ya sauya a cikin umarnin da jiki ke bi wajen haɗa sinadarin da ke ɗaukar iska a jan jini. Inda aka rubuta GAG sai ya zama GTG. Wanda ya gaji wannan sauyin, wato S, daga uwa da uba, shi ne SS, mai ciwon; wanda ya gada daga ɗayansu kaɗai shi ne AS; wanda bai gada ba kuma AA. A lissafi, kamar yadda kika ce, ya kamata ya yi ta raguwa, tunda a da yawancin masu SS ba sa kai wa shekarun aure. Amma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne.

Wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, shi ya buga amsar a 1954. Ya lura S ya fi yawa a bakin teku da gefen tafkin Victoria inda zazzaɓi ya yi katutu, ya yi ƙaranci a kan tsaunuka inda babu sauro sosai. Ya duba jinin yara ya ga masu AS ƙwayar maleriya ba ta cika yi musu yawa ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna AS yana rage haɗarin maleriya mai tsanani, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙarar da jini, da kusan kashi 90 cikin ɗari. To ki duba ƙauye shekara ɗari biyar da suka wuce, ba asibiti ba allura. Mai AA maleriya tana ɗiba. Mai SS sikila tana ɗiba. Mai AS ne ya fi yawan kai wa girma ya yi aure. Shi kuma in ya auri mai AS irinsa, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ana cire S ta gefe guda, maleriya tana riƙe shi ta ɗaya gefen. Shi ya sa bai ƙare ba, bai kuma mamaye kowa ba.

Uwar Jarumi: Wato abin da ya ceci kakanninmu shi yake kwantar mini da yaro.

Nas Mai Dare: Haka ne Hajiya. Kuma a ƙara da wannan: mai SS ba shi da wannan kariyar, maleriya ta fi yi masa illa fiye da kowa, don haka gidan sauro da maganin rigakafi wajibi ne gare shi. Mai AS ma yana kamuwa, kada wani ya ce an ce shi ƙarfe ne.

Ɗan Zango Kumasi: Mu nan Gana ana yawan jin AC da SC, musamman mutanen arewa da na Burkina. Shi ma ɗan gidan su S ne?

Malamar Bayoloji: Wuri ɗaya ne sauyin ya faɗa, amma harafin daban. C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, shi ma yana kare mutum daga maleriya, kuma mai CC ba ya shan wahalar mai SS. Sai dai S da C in sun haɗu ciwo ne, don haka AS da AC ma sai an yi shawara da likita kafin aure. Maleriya ta bar sawunta a jininmu ta hanyoyi da yawa. Akwai wata ƙofa a jikin jan jini da ake kira Duffy, wadda nau'in maleriya na vivax ke bi ya shiga. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita, shi ya sa vivax da ya addabi Indiya bai yi ƙarfi a nan ba.

Bafulatanin Mambila: Duk cuta kuke ta lissafi. A zo kan abin daɗi. Na ji an ce mu Fulani an gano jininmu na musamman ne wajen shan madara.

Babarbaren Zaure: To bawana ya iso. Jinin yawo dai, ba na madara ba.

Bafulatanin Mambila: Kai da ka sha kofi ɗaya cikinka ya kama kiɗan ganga, ina kai ina magana.

Malamar Bayoloji: Ku biyun ba ku gajiya. Amma yana da gaskiya. Kowane jariri yana narkar da sukarin da ke cikin madara, sai dai ga yawancin mutanen duniya jiki yana rage wannan aikin bayan yaye. Shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara sai kumburi da gudawa, amma in kindirmo ne ko nono mai tsami lafiya lau, don ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, a cikinsu an sami sauyin da ke barin aikin a kunne har tsufa, kuma a shekarar fari wanda madara ke karɓarsa ya fi kusa da tsira. Wannan ya faru fiye da sau ɗaya: makiyayan Kenya da Tanzaniya nasu harafin daban, Larabawa masu raƙuma nasu daban. Na Fulani kuwa, da aka duba, iri ɗaya ne da na Turawa. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ya shigo ta auratayya da mutanen arewacin Afirka tun da daɗewa, sannan rayuwar kiwo ta yawaita shi. Ka ga a nan abu biyu ne suka haɗu, ƙaura da cuɗanya suka kawo, yanayin rayuwa ya ɗaga.

Sauro ma yana yin haka. A Mali an ga sauyin jure maganin gidan sauro ya tsallaka daga wani nau'in zuwa ɗan'uwansa ta hanyar barbara, wajen 2006, daidai lokacin da rabon gidajen sauro ya yawaita.

Ɗalibin Lissafi: Malama ina da ja. Yadda kuke bayani kamar duk abin da ya yawaita a jinin mutane to amfani gare shi. Ban yarda ba. Wani abin ai katari ne kawai.

Malamar Bayoloji: Ja mai kyau, kuma masana da yawa suna ganin mafi yawan bambancin da ke cikin DNA haka yake, ba riba ba asara, sa'a ce ke hawa da sauka da shi. An fi ganin ƙarfinta in mutane kaɗan ne. Akwai wani ɗan tsibiri a tekun Pasifik, Pingelap. Wajen 1775 guguwa da yunwar da ta biyo baya suka bar mutum kusan 20 kacal. Cikinsu akwai mai ɗauke da gadon wata larurar ido, wadda mai ita ba ya ganin launi ko ɗaya, hasken rana kuma yana damunsa. A duniya mutum ɗaya cikin wajen 30,000 ke da ita. A tsibirin yanzu ana maganar kusan ɗaya cikin goma zuwa ashirin. Ba ta amfane su da komai ba. Guguwa ba ta duba jinin kowa ba, wanda ya rage shi ya zama kakan kowa.

Ɗan Maraɗi: To ashe auren zumunci ma haka ne? Mu nan gidanmu ɗan wa da 'yar ƙane ake yi tun kakanni, kuma ban ga abin da ya same mu ba.

Ɗalibin Lissafi: Auren zumunci ba ya ƙirƙiro cuta, ba ya ma ƙara yawan S a gari. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar kwafi biyu na abu guda, daga kaka ɗaya, su haɗu a jikin yaro ɗaya. In zuriyarku ba ta ɗauke da komai, sai ku wuce lafiya. In tana ɗauke da shi a ɓoye, a nan zai fito.

Ɗan Maraɗi: Kuma bare da bare ma suna haifar sikila.

Ɗalibin Lissafi: Sosai, don S ya riga ya yi yawa a cikinmu. Yi lissafin da kanka. Namiji ya zama AS, ɗaya cikin 4. Mace ta zama AS, ɗaya cikin 4. Su haɗu, ɗaya cikin 16. Yaron ya zo SS, a sake rabawa 4, ɗaya cikin 64. Ga larurar da ba ta da yawa a gari kuwa, irin wasu nau'o'in kurumta na gado, a nan ne auren dangi yake da nauyi ƙwarai, don da wuya ka haɗu da bare mai irin naka.

Uwar Jarumi: Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. In kowa ya bi, kuma Allah ya kawo ƙarshen maleriya, shekara nawa sikila za ta ɗauka kafin ta ɓace?

Malamar Bayoloji: Abu biyu ne a nan Hajiya, kuma ba tafiya ɗaya suke ba. Haihuwar masu SS tana iya raguwa cikin zuriya ɗaya in AS ya daina auren AS. Amma shi S ɗin kansa ba inda za shi. Ɗauki lissafin ɗalibinmu: cikin mutum 64, mai SS ɗaya ne, yana ɗauke da kwafi 2. Masu AS wajen 16 ne, lafiyarsu ƙalau, suna ɗauke da kwafi 16. In kowannensu ya auri AA, rabin 'ya'yansu AS za su zo, kason bai motsa ba. Hasali ma gwajin yana rufe hanyar da S ke fita daga al'umma, tunda ta jikin masu SS yake fita, kuma ba mai hankalin da zai so a bar wannan hanyar a buɗe.

Baƙaƙen Amurka sun yi zuriya da dama ba tare da maleriya irin tamu ba, ga kuma auratayya da wasu jinsuna, amma har yau kusan ɗaya cikin 13 yana ɗauke da S.

Abu Sumayya: To a nan muna tare. Limamai su riƙa neman takardar kafin a ɗaura, kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba ana saura mako guda biki ba.

Nas Mai Dare: Kuma a yi shi sau biyu a wurare daban-daban. Ina ganin ma'auratan da suka zo da takarda mai cewa AA, ga yaro a hannu SS.